Ciwon huhu mai daɗewa: su wa ya fi kashewa, kuma me ya sa alƙaluman ke karo da juna?

Idan aka fitar da sabon rahoto kan cututtukan huhu, ba a daɗewa sai ka ga kanun labarai biyu suna yawo a waya, wannan ya ce mace-mace sun ragu sosai a duniya, wancan kuma ya ce adadin masu mutuwa sai hauhawa yake, kuma sau da yawa daga rahoto ɗaya duk suka ɗauko maganar. Ga misali na kusa. Hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce a 2019 ciwon toshewar huhu da likitoci ke kira COPD ya kashe mutum miliyan 3.23, shi ne na uku a jerin cututtukan da suka fi kisa. A 2021 ya kashe miliyan 3.5 amma sai ya koma na huɗu. Wanda ya kalli matsayi zai ce an samu sauƙi, wanda ya kalli adadi zai ce abin ya ƙaru, alhali korona ce kawai ta shigo ta sha gabansa a jerin.

Wannan ruɗanin mai sauƙin warwarewa ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ciwon ba ya kisa daidai wa daida, wurin da masu ciwon suka fi yawa daban, wurin da ya fi kashe su daban, kuma a cikin ƙasa ɗaya ma sai ka ga ƙauye da birni, mace da namiji, mai haƙar ma'adinai da mai aikin ofis, kowa da nasa rabon.

Waɗanne cututtuka ne ke cikin lissafin

Masu ƙididdiga idan suka ce cututtukan numfashi masu daɗewa, ba su haɗa da tarin fuka ba, ba su haɗa da limoniya ko kansar huhu ba, kowanne lissafinsa daban ake yi. Abin da suke nufi shi ne COPD da asma, sai cututtukan da ƙurar wurin aiki ke jawowa, sai wasu da ke sa naman huhu ya yi tabo ya taurare.

A ciwon COPD hanyoyin iska na cikin huhu ne ke ƙuntacewa, ƙananan jakunkunan da ke miƙa wa jini iska su lalace, iska ta shiga amma fitar da ita ya zama aiki, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa sai dai a rage saurin lalacewar. A hankali yake farawa, tari da kaki da sassafe, haki in an hau tudu ko an ɗauko ruwa, har ta kai mutum ba ya iya isa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Asma kuwa hanyoyin ne ke kumbura su shaƙe lokaci-lokaci, ta tashi ta kwanta, kuma in akwai magani mai kyau mutum zai yi rayuwarsa lafiya lau. Raba su biyun yana bukatar na'urar auna numfashi, sifirometa, mutum ya cika ƙirji ya busa da duk ƙarfinsa, a duba iskar da ya fitar a daƙiƙar farko a kwatanta da duka wadda ya fitar, idan ta gaza kashi 70 cikin ɗari ko bayan an shaƙa masa maganin buɗe ƙirji, to an tabbatar da toshewar.

Babban binciken nan na nauyin cututtuka a duniya, wanda cibiyar IHME ta jami'ar Washington ke jagoranta, ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 455 ne ke fama da waɗannan cututtuka, kuma sun kashe kimanin miliyan 4. Masu asma sun fi yawa, miliyan 262, amma waɗanda ta kashe 455,000 ne. Masu COPD miliyan 212, ya kashe sama da miliyan 3. Kenan in ana maganar mutuwa, kusan duk maganar COPD ake yi.

Yadda za a ce ya ragu kuma ya ƙaru, duka gaskiya

Lissafi iri uku ne ake cakuɗawa. Akwai ƙirgen gawarwaki kawai, mutum nawa suka mutu bana. Akwai yawan masu ɗauke da ciwon. Sai na ukun da masana suka fi dogara da shi, wato mutum nawa ke mutuwa cikin kowane 100,000 bayan an daidaita lissafin da shekarun jama'a. Dalilin daidaitawar kuwa, COPD yawanci a shekarun girma yake kisa, to ƙasar da tsofaffi suka yi yawa dole ƙirgenta ya fi na ƙasar da rabin mutanenta yara ne, ko da asibitocinta sun fi kyau nesa ba kusa ba. Sai a lissafa kamar a ce ƙasashen biyu tsarin shekarunsu ɗaya ne, sannan a kwatanta.

Da wannan ma'aunin, mutuwa daga COPD a duniya ta ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari tsakanin 1990 da 2019. Amma a wannan tsakanin mutanen duniya sun tashi daga biliyan 5.3 zuwa 7.7 kuma tsofaffi sun ƙaru, shi ya sa ƙirgen gawarwakin ya ci gaba da hawa. Haɗarin da ke kan ɗan shekara 65 ya ragu, amma 'yan shekara 65 ɗin sun yi yawa.

Wannan ma'aunin ne kuma ke fito da bambancin ƙasashe fili. A lissafin 2019, Denmak ce kan gaba a yawan masu ɗauke da COPD, amma a mutuwa Nepal ce kan gaba da mutum 182.5 cikin 100,000, Japan kuma ita ce a ƙasa da 7.4. Kusan ninki 25 kenan, kuma fa Japan ƙasa ce da a shekarun 1960 fiye da kashi 80 na mazanta ke shan taba. WHO ta ce kusan kashi 90 na masu mutuwa da COPD kafin su kai shekara 70, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Yawan masu ciwo a ƙasa mai arziki wani lokaci yana nuna cewa ana gano su ne da wuri kuma suna daɗewa a raye da ciwon.

Indiya da Sin su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Wani babban bincike da aka fitar a 2018 ya ce kusan mutum miliyan 100 ne ke da COPD a Sin. A Indiya ciwon shi ne na biyu a kisa a 2016, kuma abin lura a can shi ne asma, ƙasar na da kusan kashi 13 na masu asma a duniya amma tana da fiye da kashi 40 na waɗanda asma ke kashewa, kuma likitocin huhu na can suna ɗora alhakin ne kan ƙarancin amfani da inhelar rigakafi, wato maganin shaƙa da ke hana ciwon tashi.

Amurka, inda ake rubuta kowace mutuwa

Amurka ta fi daɗin nazari saboda kusan duk wanda ya mutu ana rubuta abin da ya kashe shi, da shekarunsa da jinsinsa da inda yake zaune. Cututtukan huhu masu daɗewa sun kashe kusan mutum 157,000 a 2019, suka sauko zuwa wajen 142,000 a 2021. Wannan saukowar ma sai an yi hattara da ita, domin masu raunin huhu da dama korona ce ta ɗauke su aka rubuta su a ƙarƙashinta, sannan takunkumi da zaman gida sun rage mura wadda ita ke yawan tayar wa masu COPD da ciwo.

Bambancin ƙauye da birni shi ya fi fitowa. Hukumar CDC mai kula da yaɗuwar cututtuka ta duba alƙaluman 2015, ta ga kashi 8.2 na manya a karkara an tabbatar musu da COPD, a manyan birane kuma kashi 4.7. Mutuwa 54.5 cikin 100,000 a karkara, 32 a birane. Jihohi irin su West Virginia da Kentucky su ne a sama-sama, can ne shan taba ya fi yawa, ga aikin haƙar kwal, ga talauci, ga nisan asibiti, likitan huhu sai an yi tafiya mai nisa. Shan taba a ƙasar gaba ɗaya ya sauko daga kashi 42 a 1965 zuwa ƙasa da 12 a 'yan shekarun nan, sai dai masu ilimi da masu kuɗi ne suka fara bari, talaka ya makara, kuma huhu sai bayan shekara ashirin ko talatin yake nuna ɓarnar da aka yi masa.

Batun mata ma wannan jinkirin ne a ƙarƙashinsa. Tun daga shekarar 2000 matan da COPD ke kashewa a Amurka suka haura maza a ƙirge. Mata sun shiga shan taba ne bayan maza, kamfanoni suka bi su da talla, har aka fito da sigari na musamman don mata a 1968, to ga sakamakon ya iso. Wasu masana na ƙara cewa hanyoyin iskar mace sun fi ƙanƙanta don haka hayaƙi ɗaya ya fi yi mata illa. Wasu kuma sun fi ba da ƙarfi ga cewa likitoci sun daɗe suna ɗaukar COPD ciwon tsoho mai shan taba, mace ta zo da irin alamun a ce mata asma ce a sallame ta. Bayanan ba su kore juna ba. A tuna kuma mata sun fi maza tsawon rai, idan aka daidaita da shekaru sai a ga tazarar ce ke rufewa, ta maza na saukowa da sauri ta mata kuma ta daɗe a tsaye.

Launin fata kuwa ya fi rikitarwa. A COPD, fararen fata da 'yan asalin ƙasar na farko su ne mutuwarsu ta fi yawa a takarda, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya suna ƙasa. A asma sai abin ya juye, baƙar fata ya kusan ninka farar fata sau uku a haɗarin mutuwa, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne unguwanni kusa da manyan tituna da masana'antu, tsofaffin gidaje masu danshi da kyankyasai, da rashin inshorar lafiya da ke sa mutum sai ciwo ya tashi yake ganin likita a sashen gaggawa.

To amma shin da gaske COPD bai fi damun baƙaƙe ba, ko kuwa ba a gano shi ne? Shekara da shekaru na'urar sifirometa a Amurka tana da wani gyara a cikinta, in aka shigar cewa mutum baƙar fata ne sai ta rage abin da ake sa ran huhunsa zai fitar da kashi 10 zuwa 15, a kan tunanin cewa haka halittarsa take, tunanin da asalinsa ya koma zamanin bauta. Sakamakon shi ne mutum biyu su busa iska daidai, a ce wa farin huhunka ya samu matsala, a ce wa baƙin lafiyarka ƙalau. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina. Masu goyon baya suka ce ƙanƙantar huhun da ake gani alamar talauci da gurɓatar iska ce tun yarinta, bai kamata a mai da ita ma'aunin lafiya ba. Masu ɗari-ɗari suka ce tsayin ƙirji da na ƙafa ya bambanta tsakanin al'ummomi, kuma sabon ma'aunin zai sauya matsayin miliyoyin mutane, wani ya samu diyyar da aka hana shi, wani kuma a ce bai cancanci aikin kashe gobara ba. Har yanzu ana tattaunawa.

Akwai makamancin wannan da ya shafe mu kai tsaye. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna oksijin, binciken jami'ar Michigan a ƙarshen 2020 ya nuna ta kusan ninka kuskure sau uku a kan baƙar fata, ta nuna iskar ta isa alhali jini ya nuna ta yi ƙasa. Ita ce dai na'urar da ake amfani da ita a asibitocin Kano da Zinder da Kumasi.

Sana'ar da ke cin huhu

A tsakiyar yankin Appalachia na Amurka, binciken 2018 ya gano cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi shekara 25 ko fiye a ramin kwal yana da ciwon baƙin huhu. A Afirka ta Kudu ƙurar duwatsun zinare ce, ciwon silikosis, inda a 2018 manyan kamfanonin haƙar zinare suka amince su biya diyyar rand biliyan 5 ga tsofaffin ma'aikata, da yawansu tuni sun koma ƙauyukansu a Lesotho da Mozambik sun mutu a can ba tare da an ƙirga su a lissafin ma'adinan ba. Ostareliya kuma daga Yulin 2024 ta haramta dutsen haɗi da ake yin teburin kicin da shi, bayan da aka ga samari masu yanka shi suna kamuwa da silikosis cikin 'yan shekaru.

Wannan ƙurar ita ce dai a wuraren fasa dutse da niƙa duwatsun zinare a Zamfara da Neja, da Djado a arewacin Nijar inda aka yi ta tururuwa tun 2014. Abin da duniya ta sani game da Zamfara shi ne gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, amma injin da ke niƙa dutsen a bushe yana tayar da ƙurar silika ma, ita kuma sai bayan shekaru take bayyana, kuma tana ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka. Wani gwaji da aka yi a arewacin Najeriya ya nuna fesa ruwa yayin niƙa ya rage ƙurar silika da kusan kashi 80. Mai haƙar gargajiya ba shi da kamfanin da zai kai ƙara, ba shi da rajista, in ya kwanta ciwo, gida yake komawa.

Afirka, inda takardar ta kusan zama fanko

WHO ta ce a yankin Afirka kusan kashi 10 kawai na mace-mace ake yi wa rajista, a Turai kuwa kashi 98. A wajenmu mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, in aka tambaya a ce ya daɗe yana fama da tari, ko a ce ciwon tsufa ne, babu mai zuwa ofishin hukumar ƙidaya neman takardar mutuwa sai in akwai maganar fansho ko kuɗi a banki. To alƙaluman da ake gani na Najeriya da Nijar da Chadi ƙiyasi ne da aka gina daga ƙananan bincike da lissafin kwamfuta, ba ƙirgen kai ba ne. Ko a inda ake rubutawa ma takardar ba ta cika faɗin tushen abin ba, a Ingila sai a Disamban 2020 aka fara rubuta gurɓatar iska a matsayin sanadin mutuwa, a kan wata yarinya 'yar shekara 9 mai asma da ta rasu a Landan tun 2013.

'Yan wuraren da aka je da na'ura aka auna mutane gida-gida sun nuna ciwon na nan. A Ile-Ife an samu toshewar numfashi a kashi 7.7 na 'yan shekara 40 zuwa sama. A Cape Town maza kashi 22, mata kusan 17. A gundumar Masindi ta karkarar Uganda kashi 16, kuma abin da ya ja hankali a can shi ne da yawansu shekarunsu tsakanin 30 da 39 ne, mafi yawan matan kuma ba su taɓa sa taba a baki ba. A Najeriya ma binciken 2012 ya nuna manya masu amfani da taba ba su kai kashi 6 ba, mata kuwa wajen kashi 1. WHO ta ce a ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 na COPD, a ƙasashe irin namu kashi 30 zuwa 40. Sauran fa daga ina?

Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne tarin fuka. Mutum ya sha magani wata shida, gwaji ya nuna ƙwayar ta mutu, a rubuta ya warke, amma tabon da ta bari a huhu na nan. An ƙiyasta cewa a 2020 akwai mutum miliyan 155 a duniya da suka yi tarin fuka suka tsira, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu kamuwa, kusan rabin miliyan a shekara.

Hayaƙin murhu ne ko talauci?

A nan masana suka rabu, kuma ya kamata a ji kowane ɓangare. WHO ta ce a 2020 hayaƙin girki da itace da gawayi da kara da kashin shanu ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 ta hanyar cututtuka daban-daban ciki har da COPD, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su ne a gaba. A Najeriya wajen gida bakwai cikin goma da irin wannan makamashin suke girki a binciken 2018, a Nijar ya haura tara cikin goma. Akwai hujja mai ƙarfi daga Xuanwei a ƙasar Sin, inda gidajen da suka sa wa murhun kwal bututun fitar da hayaƙi aka ga kamuwa da COPD ta ragu a cikinsu.

Ɗaya ɓangaren na nuna binciken BOLD, wanda ya auna mutum fiye da 18,000 a wurare 25 na duniya, kuma a 2018 ya ce bai ga alaƙa tsakanin girki da itace da toshewar numfashi ba. Abin da masu wannan binciken suka gani tun 2014 shi ne mutuwar da ake rubutawa COPD ta fi bin talaucin ƙasa da ƙanƙantar huhun mutanenta. Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 zuwa 25, kuma wani bincike na 2015 ya nuna kusan rabin masu COPD ba saurin lalacewa huhunsu ya yi ba, tun farko ne bai kai girman da ya kamata ba. Haihuwa da ƙaramin nauyi, yunwa, ƙyanda da limoniya a yarinta duk suna hana shi cika. Idan aka tuna cewa a 2018 kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a arewa maso yammacin Najeriya sun tsumbure, za a ga wannan bayanin ya shafe mu sosai.

Gwaje-gwajen da aka yi ba su raba gardamar ba. A Malawi an raba murhu mai rage hayaƙi ga gidajen yara fiye da 10,000, sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 bai nuna raguwar limoniya ba. Wani gwaji da ake kira HAPIN ya ba mata masu ciki 3,200 a Guatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, rabi murhun gas da gas kyauta rabi suka ci gaba da itace, hayaƙin da suke shaƙa ya ragu sosai, amma nauyin jarirai da limoniya mai tsanani ba su sauya ba. Masu goyon bayan gas suka ce gwajin shekara ɗaya ko biyu a kan yara ba zai nuna ciwon da ke ɗaukar shekara talatin ba, kuma hayaƙin maƙwabta da ƙona shara na nan. Wannan uzurin yana da nauyi. Babu ɓangaren da ke cewa hayaƙi ba ya cutarwa, gardamar ita ce in kuɗi kaɗan ne da gwamnati, a fara zuba su a gas ko a abincin yara da rigakafi da maganin tarin fuka, kuma hujjojin da ke hannu sun fi nuna cewa murhu kaɗai ba zai wadatar ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai tari a gida

Mai tsohon tari a Katsina ko Maraɗi yawanci kemis zai fara zuwa, a haɗa masa maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta, ya lafa ya dawo. In ya kai asibiti za a gwada kakinsa don tarin fuka, wanda kyauta ne kuma daidai ne a fara da shi, amma in ba a samu komai ba galibi nan maganar ke tsayawa, domin sifirometa sai a asibitocin koyarwa da 'yan manyan asibitoci. Wani ma sai a sake ɗora shi kan maganin tarin fuka karo na biyu alhali tabo ne ke damunsa. Duk wanda ya haura shekara 40, yana tari da haki fiye da wata biyu, musamman in ya taɓa yin tarin fuka ko ya yi shekaru a tuyar ƙosai ko gidan burodi ko fasa dutse, gwajin busa iskar ne ya kamata ya tambaya da bakinsa.

Ga masu asma, bambancin rai da mutuwa yana cikin nau'in inhela. Shuɗiyar nan buɗe ƙirji kawai take yi na ɗan lokaci, ba ta taɓa kumburin da ke ciki, kuma tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da ita ita kaɗai. Ta rigakafin ce ke hana mutuwa, ita ce kuma ta fi tsada ta fi wuyar samu, ga kuma maganar da ke yawo cewa in ka fara inhela ka kamu kenan ba ka rabuwa da ita, wanda ba haka ba ne, ciwon ne mai daɗewa. Bayan da kamfanin GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar naira a kai, farashin inhela ya ninka har wasu suka koma shan ƙwaya ko jira sai ciwo ya tashi.

Cire tallafin mai a Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya sun mai da gidaje da dama daga gas zuwa gawayi da itace, kuma in akwai illar hakan ga huhu ba bana za a gan ta ba. Abin da ake gani duk shekara shi ne hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe gari, a shigo da kaskon wuta ɗaki a rufe taga, a ƙara da turaren wuta da igiyar leko, lokacin ne masu asma da COPD suka fi kwanciya. Girki a fili ko a rumfa mai iska maimakon rufaffen ɗaki, busasshen itace maimakon ɗanye, sauke yaro daga baya kafin a hura wuta, waɗannan ba sa bukatar kuɗi. Inhelar rigakafi da sifirometa a babban asibitin ƙaramar hukuma da oksijin da ba ya yankewa kuwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Magungunan suna cikin jerin magunguna na dole na WHO, kuma Sin a 2024 ta sa kula da COPD cikin ayyukan lafiya na matakin farko da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, tare da hawan jini da ciwon suga.